Daga layin jira zuwa gwajin jini: yadda na bi hanyar fara homon a Ingila

Ni Bahaushiya ce mai sauya jinsi, ina zaune a arewacin Ingila, ina aikin kula da tsofaffi. Ba zan faɗi suna ko gari ba, duk wanda ya san halin da ake ciki a gida ya san dalili. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yawan 'yan'uwa da ke tambayata adadin maganin homon (sinadaran da ke sauya jiki zuwa na mace) da nake amfani da shi, da nufin su kwafa. Adadin nan shi ne mafi ƙanƙantar lamarin. Abin da ke jan ragamar komai shi ne gwajin jini: yaushe aka ɗiba, daga ina aka ɗiba, da wane ma'auni aka rubuta sakamakon, kuma wa zai karanta shi ya yanke hukunci. Ni ba likita ba ce, hanyar da na bi kawai zan zayyana, daki-daki, yadda wadda ke bayana ba za ta sha ruɗanin da na sha ba.

Ƙofar farko ita ce likitan unguwa, wanda a nan kowa ke kira GP. Yin rajista da shi kyauta ne a Ingila, kuma a ƙa'ida ba sai kin nuna takardar zama ko shaidar adireshi ba, ko da yake wasu masu karɓar baƙi sukan nace sai kin kawo. Na nemi ganinsa a 2020, ana tsakiyar korona, don haka ta waya muka yi magana. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda saboda na san muryata za ta yi rawa, kuma ta yi. Minti goma suke bayarwa. Abin da kike nema a wannan zama abu ɗaya ne: ya tura sunanki asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, da ke kula da sha'anin jinsi na manya. Ba aikinsa ba ne ya tantance ko gaskiya kike faɗa, kuma ba dole ba ne ki fara ganin likitan ƙwaƙwalwa kafin ya tura. A lokacin manyan asibitocin bakwai ne: Landan, Lids, Shefil, Notingam, Niyukasil, Ekseta da kuma Dabentiri, daga baya aka buɗe wasu sababbi a wurare kamar Manchesta. Ki tambayi wanne aka tura ki, ki nemi kwafin wasiƙar, sannan bayan 'yan makonni ki tuntuɓi asibitin ki tabbatar ta isa. Daga nan sai jira, kuma jiran na shekaru ne, ba na watanni ba. Duk lokacin da kika sauya gida ko lambar waya ki sanar da su a rubuce, don idan suka aiko wasiƙa ba amsa, suna iya cire ki daga layi ba tare da kin sani ba.

Da shekara ta zagayo ban ji ko tari ba, sai na fara tara kuɗin aikin dare don in bi ta hanyar likitoci masu zaman kansu, sunana kuma yana nan a layin gwamnati, ɗaya ba ya soke ɗaya. A nan matakai biyu ne, kowanne da kuɗinsa. Na farko shi ne ganin ƙwararren masanin halayyar ɗan'adam wanda zai tantance ya rubuta rahoto. Na biya fam ɗari uku da 'yan kai, muka yi zaman ta bidiyo sama da awa guda. Sun buƙaci katin shaida mai hoto, takardar sauya suna idan akwai, da taƙaitaccen tarihin lafiyata daga GP. Takardar sauya sunan kina iya rubuta ta da kanki, shaidu biyu su sa hannu, ba sai kin biya lauya ba. Tambayoyin sun ratsa ko'ina: yarinta, iyali, addini, aiki, wa ya sani wa bai sani ba, ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Na shiga ina zaton jarrabawa ce, ashe abin da yake so ya gani shi ne ko na fahimci abin da zai sauya har abada da abin da ba zai sauya ba. Da ya zo kan maganar iyali sai na yi shiru na ɗan lokaci, shi ma bai matsa ba. Rahoton ya iso bayan wasu makonni, da shi ne kike neman ganin likitan homon.

Amma kafin ki biya ko sisi ga likitan homon, ki koma wurin GP ki tambaye shi abu ɗaya: zai yarda ya shiga yarjejeniyar raba aiki da likita mai zaman kansa? Ma'anarta ƙwararren likitan homon ya tsara magani da adadi, shi kuma GP ya riƙa rubuta takardar magani da ɗibar jini a ƙarƙashin NHS. Doka ba ta tilasta masa ba. Asibitin unguwar da nake a lokacin suka ce ba sa yi, ba wani dogon bayani, wasiƙa ce mai layi uku. Ranar gwiwata ta yi sanyi ƙwarai, don in ba wannan yarjejeniya, kowane gwajin jini da kowace allura daga aljihunki za su fito. Wata 'yar'uwa da ta riga ni ta ce in daina roƙo, in nemi wani asibitin unguwa da ke ɗaukar mutanen yankinmu, in tambaye su tun kafin in koma. Haka na yi, na aika wa manajansu imel da kwafin rahoton, suka ce za su yi idan ƙwararren yana cikin rajistar likitocin ƙasar kuma ya aiko da tsari a rubuce.

Sai gwajin jini na farko, wanda shi ne tushen da za a riƙa kwatanta duk na gaba da shi. Nas ta cika kwalabe da yawa har na fara ganin jiri. An duba ƙarfin jini, aikin hanta da na ƙoda, kitsen jini, suga, sinadarin firolaktin mai sa mama ya kawo nono, da homon ɗin kansu, wato testostiron na maza da estiradiyol na mata da waɗanda ƙwaƙwalwa ke aikawa su motsa su. An auna hawan jini, tsawo da nauyi. Fom ɗin da ƙwararren ya aiko kuma yana tambayar ko akwai wanda jini ya taɓa daskare masa a jijiya a danginmu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko sankarar mama. Nan gizo ke saƙa, don mu a gida ba a faɗin abin da ya kashe mutum. Da daddare na kira yayata.

"Yaya, don Allah wai me ya yi ajalin Goggo?"

"Kai kuma me ya tado da wannan magana da daren nan? Lokaci ne ya yi, Allah ya jiƙanta."

Na ce likita ne ke tambaya, a nan kowa sai an tambaye shi. Sai ta yi tunani ta ce ita dai ta tuna bayan haihuwar autarta ƙafarta ɗaya ta kumbura sumtum, ana ta gasa mata, kwana kaɗan numfashi ya fara yi mata wuya. Na rubuta haka yadda ta faɗa. Na kuma rubuta cewa rukunin jinina AS ne, abin da kusan kowa a gida ya sani game da kansa saboda gwajin aure, amma a nan ba lallai a tambaye ki ba. Ki faɗa da bakinki. Ɗauke da ƙwayar sikila yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini, kuma yana iya rikita wasu nau'o'in gwajin suga na dogon zango.

Akwai matakin da na so in tsallake, likitan ya hana: ajiye maniyyi. Homon na rage haihuwa, wani lokaci har abada, kuma ba wanda zai yi miki alƙawarin za ta dawo idan kin tsaya. A lokacin ko maganar ba na son ji. Amma na je. Sai an fara gwada HIV da ciwon hanta nau'in B da C, sannan ki cika fom na yarda masu yawa, har da abin da za a yi da ajiyar idan kin mutu. A wasu yankunan NHS na biya, a wasu ke za ki biya, da kuɗin ajiya na shekara-shekara. Tun Yulin 2022 doka ta ba da damar ajiyewa har shekara 55, muddin ana sabunta yarda duk shekara 10. Wuri ne mara daɗin zuwa, rabin awa na rashin jin daɗi, amma ƙofar da ake rufewa ba a sake buɗewa gara a bar ta a sakaye.

Zaman likitan homon ya ɗan fi na farko arha, kuma shi ne ya fi amfani. Ya shimfiɗa mini hanyoyi uku na estiradiyol da ake bayarwa a nan. Akwai ƙwaya, irin su Progynova, da akan fara da miligiram 2 a rana a riƙa ƙarawa sannu a hankali gwargwadon sakamakon jini. Akwai man shafawa, irin su Oestrogel, wanda kowane matsi ɗaya miligiram 0.75 ne. Akwai kuma filasta, irin su Evorel, mai ƙarfi daga maikirogiram 25 zuwa 100, da ake sauyawa sau biyu a mako. Allurar estiradiyol da 'yan Amurka ke yawan magana a kai ba kasafai ake bayar da ita a Ingila ba. Bambancin da ya shafe ni shi ne ƙwaya sai ta bi ta hanta kafin ta shiga jini, kuma hantar ce ke sarrafa sinadaran da ke daskarar da jini, shi ya sa haɗarin gudan jini ya fi yawa da ita. Ta fata kuwa maganin na shiga kai tsaye. Don haka wadda ta haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko mai shan taba, ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya, ko mai tarihi irin nawa, ta fata ake ba ta. Da ya karanta labarin Goggo da AS ɗina, bai ma tsaya muhawara ba. Ya tambaye ni taba, na ce ba na sha sai shisha jefi-jefi. Ya ce ita ma taba ce, a daina. Na fara da matsi biyu na mai a rana, ba tare da maganin danne testostiron ba tukuna, don ya ga iya abin da estiradiyol kaɗai zai yi. Na sa hannu a takardar yarda, ya karanta mini alamomin da in na gani sai asibiti nan take: kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ciwon kai mai tsanani da rikicewar gani.

A kantin magani, a wancan lokaci fam 9.35 ake biya kan kowane magani da ke takardar NHS, a 2024 ya kai fam 9.90. A Sikotlan da Wels kyauta ne. Tun Afrilun 2023 akwai takardar biyan kuɗi ta shekara da ake kira HRT PPC, fam 19.80 a 2024, wadda ke ɗauke nauyin magungunan homon da ke cikin jerinta ko da wane dalili aka rubuta miki su. Sai dai allurar danne testostiron ba ta ciki. Idan magungunanki sun yi yawa, ki lissafa ko babbar takardar da ta haɗa komai, fam 114.50 a shekara a farashin 2024, ta fi miki sauƙi.

Yanzu ga inda kaina ya ɗau zafi. Bayan kamar wata uku aka ɗibi jinin farko. Takardar cikin kwalin man ta ce a shafa a dantse da kafaɗa ko a cinya, ni kuwa a hannu nake shafawa, kuma ba wanda ya ce da ni ko da nas ɗin wani abu a kan haka. Ta ɗaure hannun ta ɗiba. Kwana biyu sai ga waya daga asibitin unguwa: estiradiyol ɗinki ya haura 2,000, ki dakatar da maganin. Na kwana ban runtsa ba, ina ta latsa ƙafafuna ina neman kumburi. Da safe na aika wa ƙwararren imel, amsarsa tambaya ɗaya ce: a ina kike shafa man, kuma daga wane hannu aka ɗibi jinin? Ashe man da ya kwanta a fatar wurin kan gurɓata jinin da aka ɗiba, sai lambar ta yi tsalle alhali abin da ke yawo a jiki bai kai haka ba. Ya ce in koma shafawa a cinya, a sake gwaji. Da aka sake, sai ga shi ƙasa da 300, wato ma bai kai inda ake so ba, aka ƙara mini zuwa matsi uku. Cinyar ma ta fi mini sauƙi saboda alwala, don ana so man ya bushe na minti biyar kuma kada ruwa ya taɓa wurin har awa guda.

Daga nan na koyi cewa lamba ba ta da ma'ana sai da lokacinta. Tsarin da aka ba ni ya ce mai ƙwaya ko mai a ɗibi jininta awa 4 zuwa 6 bayan amfani, mai filasta kuma awa 48 bayan liƙawa. Wasu asibitocin sun fi son a ɗiba daf da lokacin sake amfani, lokacin da maganin ya fi ƙasa. Ki tambayi naki wanne suke so, ki riƙe shi kullum, ki kuma sa nas ta rubuta a fom ɗin ƙarfe nawa kika yi amfani da maganin. Sai ma'auni. A Ingila ana rubuta estiradiyol da pmol/L, kuma yawancin asibitoci suna neman tsakanin 400 da 600. A Amurka da pg/mL suke aunawa, kuma ƙa'idar da ƙungiyar likitocin homon ta Endocrine Society ta fitar a 2017 ta ce 100 zuwa 200. Kowane pg/mL ɗaya daidai yake da pmol/L 3.67, don haka 150 ɗinsu kusan 550 ne a namu. Na sha ganin 'yan'uwa a intanet suna musu, wannan ta ce tata 500 ce, waccan ta ce ai kin kusa mutuwa, kamar mai awo da tiya na gardama da mai awo da mudu. Testostiron ma haka: a nan nmol/L ne, likitana yana so ya sauka ƙasa da 3, su kuwa can ƙasa da 50 ng/dL suke cewa, wanda ya kama kusan 1.7 a namu. Idan kuma kina shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce masu sinadarin bayotin, ki faɗa, don yakan rikita wasu na'urorin gwajin, akan ce a dakatar da shi na 'yan kwanaki kafin ɗibar jini.

A bazarar 2022 aka shiga ƙarancin magungunan homon a faɗin ƙasar, man shafawar ya ɓace daga kantuna, mu da matan da al'ada ta ɗauke wa duk muka shiga yawon nema. Aka mayar da ni filasta mai maikirogiram 100. Duk sauyin nau'i yana nufin sabon gwaji, don jiki ba ya shan su daidai wa daida. Filasta na da nata halin. Mu masu baƙar fata a sanyin nan ba ma rabuwa da basilin ko man kaɗe, ita kuwa ba ta kama fatar da aka shafa wa mai, kafin azahar za ki tsince ta a cikin wando. Sai ki ware wuri a ɗuwawu ko ƙasan ƙugu da mai ba zai taɓa ba, ki liƙa a busasshiyar fata, ki danne da tafin hannu na ɗan lokaci, ki riƙa sauya gefe. Idan kin cire tana barin baƙin zobe na danƙo da zaren tufafi, man jarirai a auduga ke goge shi. Kada a liƙa a mama ko kusa da shi.

Estiradiyol ya daidaita amma testostiron ya ƙi sauka yadda ake so, sai aka ƙara mini allurar Decapeptyl, miligiram 11.25 duk mako 12, nas ke yi a ɗuwawu. Aikinta shi ne ta sa ƙwaƙwalwa ta daina aika saƙon da ke motsa samar da testostiron. Abin da ya kamata ki sani shi ne allurar farko takan fara ɗaga shi na mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kayar da shi, don haka aka ba ni ƙwayar saifiroteron ta mako biyu kacal don ta tare. Duk da haka na yi fama da saurin fushi da ƙuraje a waɗannan kwanaki. Kuɗin allurar ya haura fam 200 in da kanki za ki saya, nan ne za ki gane darajar yarjejeniyar GP. Shi saifiroteron a wasu ƙasashen shi ne babban maganin, amma a 2020 hukumomin magunguna na Turai da na Birtaniya sun yi gargaɗi cewa yawan shansa na dogon lokaci na ƙara haɗarin wani ƙari a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ya sa yanzu ake rage adadinsa sosai, ana kuma sa ido kan hanta. A Amurka sifironolakton suka fi amfani da shi, wanda ke sa yawan fitsari yana kuma iya ɗaga fotasiyam a jini har ya taɓa bugun zuciya, don haka nasu gwajin dole ya haɗa da wannan. Mai shan sa da ke azumi ta yi magana da likita kafin watan ya kama.

Da allurar ta kama aiki sai wani lissafi ya shigo. Tunda testostiron ya tafi, estiradiyol ne kaɗai ke riƙe da ƙashi. Watan da filasta ta yi ta faɗuwa na ji a jikina: zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, zufar dare, kasala, kuka ba dalili. Zama da allura ba isasshen estiradiyol na tsawon lokaci yana cinye ƙashi. Likitan ya kuma duba bitamin D, ya same shi ƙasa, wanda ba abin mamaki ba ne ga baƙar fata a ƙasar da rana ke rowa, aka ɗora ni a kan ƙwaya.

A shekarar farko duk wata uku ake ɗibar jini, da komai ya zauna aka koma wata shida, yanzu sau ɗaya a shekara sai in an sauya wani abu. Kowane zagaye ana duba homon biyun, hanta, firolaktin, kitse, suga, da hawan jini. Firolaktin yakan ɗan hau da estiradiyol, har tsoron allura ma kan ɗaga shi, sai in ya yi nisa ko ya ci gaba da hawa ake neman hoton ƙwaƙwalwa. Wani abin da ya tsorata ni shi ne ganin jan layi a kan ƙarfin jinina bayan 'yan watanni. Ba rashin jini ba ne, ya sauka ne zuwa matakin mata, amma kwamfutar na auna ni da na maza saboda abin da ke rubuce a fayil ɗina. Da na sa aka sauya jinsi a rajista sai aka ba ni sabuwar lambar NHS, kuma tsofaffin sakamakona ba su biyo ni gaba ɗaya ba. Abin da ya cece ni shi ne tun farko ina buga kowane sakamako a takarda, ina rubuta a gefe adadin maganin da nake kai da lokacin da aka ɗibi jinin.

Game da jiki kuwa, sannu ba ta hana zuwa. Fata ta yi laushi, mama ya fara da ciwo da ɗan ƙullutu cikin wata 3 zuwa 6, kuma yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya kai iyakarsa, iyakar kuma gado ke yanke ta, ba yawan magani ba. Na tambayi likitan ko za a ƙara mini don abin ya yi sauri, ya ce babu wata hujja da ta nuna haura ma'auni na ƙara girma, haɗarin kawai yake ƙarawa. Murya ba ta sauyawa da homon, sai horo. Gemu ma ba ya tafiya, sai da na'urar lesa ko ƙona saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya, kuma mai baƙar fata ta nace a kan lesa nau'in Nd:YAG da gwaji a ɗan wuri tukuna, don wasu na'urorin suna ƙona mu su bar tabo.

Da asibitin gwamnati ya kira ni daga ƙarshe, bayan shekarun da har na daina duba akwatin wasiƙa, sai da aka sake tantance ni daga tushe, zama biyu da tazarar watanni. Amma da na ajiye musu fayil ɗina, likitar ta bi shi shafi-shafi, ba ta sauya komai a tsarin ba, ta rubuta wa GP cewa su ne za su riƙa ba da shawara daga yanzu. Daga ranar na daina biyan mai zaman kansa.

Ga 'yan'uwa da ke gida ko wata ƙasar da babu wannan tsari, ba zan yi kamar hanyarmu ɗaya ba. Amma abu ɗaya nake roƙo: ku rabu da ƙwayoyin tazarar haihuwa da ake saye a kemis. Abin da ke cikin yawancinsu etinil estiradiyol ne, wanda ya fi na likitanci haɗarin daskarar da jini nesa ba kusa ba, kuma gwajin estiradiyol na yau da kullum ba ya ganinsa, wato ko kin je gwaji lambar za ta nuna ƙasa, ki ƙara sha, ki ƙara kusantar haɗari. Tuni ƙa'idojin likitoci suka cire shi daga wannan aiki. Wadda ta riga ta fara wani abu da kanta a nan Ingila kada ta ɓoye wa GP, ko bai rubuta magani ba yana iya duba hanta da hawan jini, kuma ƙa'idar hukumar likitoci ta ba shi damar yin la'akari da rubuta maganin wucin gadi a wasu yanayi. Kafin tiyata ko doguwar tafiya a jirgi, ki faɗa wa likita kina kan estiradiyol.

Sauya jinsi a rajista kuma yana sauya wasiƙun gwajin rigakafi da ke zuwa miki, kuma kwamfuta ba ta san jikinki ba. Ni har an aiko mini gayyatar gwajin bakin mahaifa, sai da na je na ce a cire ni. Gayyatar hoton mama za ta zo da kanta daga shekara 50, kuma ki je, don estiradiyol ya sa ya shafe ki. Gwajin kumburin babbar jijiyar ciki da ake kiran maza a shekara 65 ba zai zo ba sai kin nema da kanki. Ƙwayar mafitsara ta furosteti ma tana nan ko an yi tiyata, kuma homon na saukar da lambar gwajinta na PSA, don haka duk likitan da zai karanta sakamakon ki gaya masa maganin da kike kai tun kafin ya duba.